Wadda Ka Sani

Damagaram, Satumba 1951

Zuwa ga taubashiyata Daso, matar Ayuba, a Guci.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun yi Babbar Sallah lafiya, ke da maigidanki da surukarki Inna. Ni nan ƙalau nake, sai kewar ƙuli-ƙulinki. Na rubuta da ajami don ki karanta da kanki, tunda duk Guci an san 'yar Malam ba ta kai takardarta wani ya duba mata.

Albishirinki. An gama jarrabawa, an ba ni farar riga. Yanzu ɗan kawunki anfirme ne, wato malamin asibiti, a ma'aikatar dabbobi, kuma ni na zo na biyu. Wanda ya zo na ɗaya ɗan Dahomai ne da aka haife shi da faransanci a baki, don haka kina iya ce wa mutane ni na zo na ɗaya. Daga yau in kika sake ce min lokotoron awaki sai na kai ƙararki wurin Kumanda. Da Kaka Maikano yana da rai da ya ga jikansa da allura a hannu, Fulani suna tashi tsaye suna gaishe shi.

Na biya ta Dantchiao kafin Sallah na gaida Goggo, mahaifiyarki. Ƙafar tana damun ta, amma bakin yana nan. Na ga Hinda ta yi tsawo, har ta fara ɗauko ruwa. Na san ba za ki tambaya ba, 'yar fari ce, ko sunanta ba ya fita bakinki, shi ya sa na faɗa miki ba tare da kin tambaya ba. Goggo na riƙon ta da kyau.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yaya ɗiyata? Ina nufin kyanwar da na kawo miki bara a cikin kwando. Ni har gobe ɗiyata ce, riƙo na ba ki. Na raɗa mata suna Madam, kika rantse ba za ki taɓa sa sunan matar Nasara a bakinki ba. To ki bar sunan, amma ki ba ni labarinta. Gyaɗa ta kusa shigowa, ina so in ji ɓerayen Guci sun yi hijira.

Haza wassalam. Naki, Zakari.

Guci, watan Cika-ciki

Zuwa ga Zakari, lokotoron awaki.

Bayan gaisuwa, mun yi Sallah lafiya. Maigidan yana gaishe ka, Inna ma haka. Na ji albishir, na kuma yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce musu jikan Maikano ne aka sa wa farar riga a Damagaram, wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwa. Gyaɗa ta yi kyau bana, na fara suya tun makon jiya.

Ka dai san halin da gidan yake ciki tun takardar da na aiko maka bayan Sallah ta hannun direban kamyon gyaɗa, ba sai na maimaita ba.

Zakari, wasa ya ƙare a nan. Wadda ka sani ba ta da lafiya. Ka gane wadda nake nufi, bakina bai saba da sunanta ba. Wani tabo ya fito mata a kumatu, zagaye, ya yi fari-fari. Wani ya fito a bayan wuya. Sama da kunne kuma gashi ya zube a wuri guda, fatar ta yi kamar an barbaɗa dusa. Na shafa mata man shanu, na shafa toka, abin sai faɗi yake yi. Ta daina wasa. Da rana sai ta raɓe a bayan rumbu, in an kira ta ba ta son fitowa.

Inna ta duba ta, ta faɗi abin da ta faɗa. Ba zan sa shi a takarda ba. Ta ware mata ƙwarya, ta kuma hana yaran gidan zuwa kusa da ita. Ni ban ce komai ba, don ba ni da bakin magana a kanta, kai ma ka san haka.

Kai ne mai ilimi a danginmu yanzu. Ka faɗa min ko mene ne, ka faɗa min abin da zan yi. Abin da ka ce shi zan bi, ko da ya yi min ɗaci.

Daso.

Damagaram, Oktoba 1951

Zuwa ga Daso.

Ina gaishe ki da mutanen gida duka. Lafiyata lau. Takardar bayan Sallah da kike magana ba ta iso ni ba, ƙila direban ya naɗe goro da ita. Wannan kuwa ta same ni ina ɗaure kaya, don gobe za mu fita turne, wato rangadi, arewa wajen Tanut, yi wa shanu allurar ciwon bushiya. Saboda haka zan taƙaita.

Ashe ɗiyar tawa ce ba lafiya. Kin yi daidai da kika tambaye ni kafin masu tsibbu su cinye miki kaji. Yadda kika kwatanta, ko ban gani ba na san ciwon. A littafinmu sunansa tenyi. Mun yi karatunsa, na kuma gan shi da idona a gidan wani Bature. Yana yaɗuwa, Daso. Yana bin taɓi, yana bin shimfiɗa, yana bin tsumma. A nan Inna ta yi gaskiya, ki bar ƙwaryar a ware.

Ga abin da za ki yi. Ki samo mata ɗaki daban, ki sa ta ciki, ki ja ƙofa. Kada ta hau shimfiɗar kowa. Abin da take kwana a kai ki ƙone shi. Ki aske gashin da ke kewaye da tabon, ki wanke da sabulun salo da ruwan ɗumi. Ki sayi farar wuta a kasuwa, ki daka ta yi laushi, ki kwaɓa da man kaɗe, a riƙa shafawa safe da yamma. Wanda ya shafa ya wanke hannu sosai. Ke kuwa, tunda sana'arki abinci ce, gara ki sa wani ya yi, kada mutane su ji su guji manki.

Ciwo ne mai naci, ba ya tafiya da wuri. In kuma Allah ya yi abin ya gagara, kada ki sa wa ranki damuwa. Irinta ba su da wuyar samu, zan kawo miki wata wadda ta fi ta kyau.

Ki gaida Ayuba. Ki ce masa yanzu gidansa da lokotoro, kyauta.

Zakari, anfirme.

Guci, watan Safar

Zuwa ga Zakari.

Gaisuwa. Muna nan da rai. Ban san inda wannan za ta same ka ba, na ba wani mai kai jaƙuna Damagaram ya ajiye maka a wurin aikinku.

Na karanta takardarka sau uku. Na ga kai ma ka kasa kiran ciwon da sunansa, ka lulluɓe shi da faransanci don kada ka ƙona min zuciya. Na gode da wannan. Amma ni ba yarinya ba ce. Ciwon da ake ware wa ƙwarya, a ƙone shimfiɗa, a ja ƙofa, na san shi tun ina goye. Na ga hannun Kaka Maikano.

Ni da farko makero na zata. Inna ta ce makero a kan yara maza yake zama, ba ya saukowa kumatu. Ta ce jinin gidanmu ne ya biyo, ta ce dama ta faɗa tun ranar da aka zo neman aurena. Da maigidan ya ji abin da ka rubuta sai ya ce tunda lokotoro ya faɗa, magana ta ƙare.

Na yi duk abin da ka ce. Na share ɗakin da muke ajiye harawa, kusa da turken awaki, na sa ta ciki. Tabarmarta na ƙone ta da hannuna tana kallo. Nafi, matar ƙanin maigidan, ita ke shafa maganin da tsinke da auduga. Abinci ana tura mata ta bakin ƙofa. Ba ta kuka, ni kuwa da ta yi kukan da ya fi min sauƙi. Ba mai shiga wurinta sai kyanwarka, tare suke kwana tun ranar da goggonka ta dawo min da ita saboda ƙafa. Ita ma kyanwar ta lalace, gashin kunnenta da na hancinta duk ya zube, Inna ta ce a kai ta daji a yar.

An yanke magana. Bayan Mauludi maigidan zai ɗora ta a jaki ya tsallaka iyaka da ita, ƙasar Ingilishi, inda aka ce akwai wani gari da ake tara masu wannan ciwon. Wanda aka kai can ban taɓa jin ya dawo ba.

Saura magana ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni da kai wasa muke yi tun muna tsirara, ka zage ni na zage ka, ban taɓa riƙe ka ba. Amma ka ce irinta ba su da wuyar samu, za ka kawo min wata? Wata tara na ɗauke ta, Zakari. Kwana biyu ina naƙuda a ɗakin goggonka. Don ban faɗi sunanta ba, don ban ɗauke ta a gaban mutane ba, shi ne kai ma ka zata ba ta da nauyi a wurina? In abin da ake koya muku a lakwal ke nan, to ka riƙe farar rigarka.

Daso, jikar Maikano. Ban taɓa jin kunyar hannunsa ba, ba kuma zan fara yau ba.

Wata rijiya arewa da Tanut, Disamba 1951

Zuwa ga Daso. A ba ta hannu da hannu, da gaggawa.

Ina gaishe ki. Takardarki ta yi ta yawo kafin ta same ni a nan cikin shanu. Na karanta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna.

Daso, ban san Hinda tana Guci ba. Wallahi ban sani ba. Ni na bar ta a Dantchiao wurin Goggo, takardar da ta faɗi dawowarta kuwa ba ta zo ba. Da kika ce wadda ka sani, kyanwa na ɗauka. Duk abin da na rubuta, ɗakin da ƙofar da ƙona shimfiɗa da zan kawo miki wata, kyanwa nake nufi. Zagin da kika yi min bai kai ba, ki ajiye saura sai na zo.

Tenyi ba kuturta ba ne. Ga shi na kira ta da sunanta don kada mu sake ɓata a duhu. Tenyi makero ne, shi ɗin da kika zata tun farko. Da na rubuta makero da duk wannan bai faru ba. Yana kama kai, yana kama kumatu da wuya, yana kama mace da namiji. Kyanwa na ɗaukarsa, tana kuma ba mutum. Kin ce tare suke kwana, kin ce gashin kunnen kyanwar da hancinta ya zube. Can ya fito.

Amma kada ki yarda da ni a karo na biyu sai kin gwada. Ki kama kyanwar ki duba da rana. Za ki ga wurin zagaye ne, gashin ya kakkarye gajere-gajere, fatar tana ɓarewa kamar dusa. Ki duba na Hinda, za ki ga bakin tabon ya ɗan tasa, tsakiyar ta fi lafiya. Ki tambaye ta ko yana ƙaiƙayi. Sannan ki ɗaure mata ido, ki ɗauki gashin kaza ki taɓa tsakiyar tabon a hankali. Tabon kuturta ba ya jin taɓi, haka lokotoron mutane ke gwadawa. In ta ji, ki buɗe ƙofar nan. In kina da sauran shakka ki kai ta likitar Magariya su duba, amma kada kowa ya tsallaka iyaka da ita.

Maganin da na faɗa shi ne dai, a ci gaba da shi, a tafasa zannuwanta a shanya a rana. Kyanwar kada a yar da ita, ba ta da laifi, kuma tana warkewa. Ita ce za ta zauna a ɗakin harawa. A aske wurin, a wanke, a shafa farar wuta da man kaɗe. Ki huda tsohon faifai ki sa mata a wuya don kada ta lashe. Sai kin ga sabon gashi ya rufe wurin kafin ki sake ta.

Na roƙi Baturen da muke tare ya sallame ni, ya ce sai an gama shanun. Wannan na ba wani Buzu mai raƙumi da zai kwana Damagaram. Ban san ko za ta riga Mauludi ba. Allah ya sa ta riga.

Zakari.

Guci, bayan Mauludi

Zuwa ga taubashina Zakari.

Gaisuwa da fatan ka dawo daga daji lafiya. Mu nan lafiya lau, kuma wannan karon da gaske nake.

Takardarka ta zo ana gobe tafiya. An riga an ɗaure wa yarinyar 'yan kayanta, jakin ma an aro. Na karanta a bakin murhu, man da nake suya ya ƙone ban sani ba. Da na zo wurin da ka ce kyanwa kake nufi, na yi dariya, sannan na yi kuka, Nafi ta zata aljanu ne.

Ban gwada a ɓoye ba. A gaban mutane aka ɓata sunan gidanmu, a gabansu za a wanke shi. Da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kira Inna da maigidan da Nafi da matan maƙwabta. Na fara kawo kyanwar, na buɗe kunnenta na ce kowa ya duba. Sannan na buɗe ɗakin harawa na ce wa yarinyar ta fito. Ta fito tana kare ido, ta tsaya nesa da kowa yadda aka koya mata. Matan suka duba na kumatunta, suka duba na kyanwar. Uwani mai kitso ta ce, “Wannan ai ɗan uwan wancan ne.”

Inna ta ce, “Kyanwa ba ta da kaka kuturu.”

Na ce, “Haka ne, Inna. Bari mu gani.”

Nafi ta ɗaure mata ido da kallabi. Na miƙa wa Inna gashin kazar, na ce ita za ta taɓa, don kada a ce na yi maguɗi. Ta taɓa na wuya, yarinyar ta noƙe. Ta taɓa na kumatu, ta ce, “Yana min cakulkuli.” Inna ta sake, ta sake, har ta yi kamar za ta taɓa ba ta taɓa ba, yarinyar kuwa ba ta motsa ba. Duk inda gashin ya sauka sai ta nuna da yatsa. Maigidan ya tashi, ya je ya kwance jakin ya mayar wa mai shi. Inna ta ce ita dama tsoro ta ji. Na ce kowa ma ya ji. Ban ƙara ba, don wanda ya yi nasara ba ya buƙatar dogon baki.

Na kai ta Magariya duk da haka, anfirmen can ya duba ya ce makero ne. Na ce masa ɗan kawuna ya riga shi faɗa daga Tanut, bai ko gan ta ba. Ban gaya masa ta inda ka biyo kafin ka iso nan ba, wannan tsakaninmu ne. Kyanwarka tana ɗakin harawa da faifai a wuya, tana hararar kowa. Gashi ya fara tsirowa a kunnen.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar, bayan Inna ta ajiye gashin kazar, ba a kwance kallabin ba tukuna. Ban san abin da ya tashe ni ba. Na je na durƙusa, na ɗora tafin hannuna a kan tabon kumatun, a gaban surukata da maigidan da duk matan unguwa. Uwani ta ce mata, “To wannan fa, kin ji?”

Ta ce, “Na ji.”

“Hannun wa ne?”

Ta ɗan yi tunani. Ta ce na Nafi. Aka ce a'a. Ta ce na Uwani. Aka ce a'a. Ta ce, “Ko Goggo ce ta zo?” Ta kira matan gidan nan ɗaya bayan ɗaya, har da Inna, ba ta kawo ni ba. Ina za ta san shi? Tun da aka yaye ta bai sauka a fuskarta ba.

Na ce, “Ni ce.”

Ta kama hannun da nata biyu ta riƙe, idonta a ɗaure.

Yanzu ni ke shafa mata maganin safe da yamma, ba tsinke ba auduga. An fara cewa Daso ba ta da kunyar 'yar fari. Su faɗa. Na ji wasu ma sun daina sayen maina, sun ce sai tabon ya baje. Su jira, ni ba sauri nake ba.

In ka samu hutu ka zo, ka zo da farar rigar mu gani.

Taka, Daso.